Yadda ake zaɓen madabod mai fitar da hoto ba tare da girafik kad ba

Wanda zai haɗa kwamfutar tebur don ofis, ko shagon buga takardu, ko cibiyar jarrabawar JAMB, bai da buƙatar girafik kad. Ga tsada, ga cin wuta, wanda kuwa ke dogaro da sola ko inbata ya san darajar kowane watt. Abin da ake nema shi ne bod da furosesa da za su fitar da hoto da kansu, su miƙa shi ga monita ta wayar dijital. Kuskuren da aka fi yi shi ne fara ciniki daga bod ɗin, alhali kuwa sai an san monita da furosesa ake isa gare shi.

Ka fara da juya monitar ka duba bayanta. Rami mai launin shuɗi mai ƙananan hudoji 15 shi ne VGA, wanda IBM ta fito da shi tun 1987. Ba dijital ba ne, shi ya sa idan wayar ta yi tsawo ko ta tsufa za ka ga rubutu yana inuwa. Fari mai faɗi shi ne DVI, na 1999. Sai HDMI irin na talabijin, mai ɗaukar hoto da sauti tare, sai DisplayPort mai kama da shi, amma kusurwa ɗaya kawai aka yanke masa. HDMI da DVI sigina iri ɗaya suke aikawa, don haka waya mai kai biyu mai araha ta isa ta haɗa su, sai dai kada ka sa ran sauti. Tsakanin VGA da HDMI kuwa dole sai da na'urar juya sigina, kuma hoton ba ya kai na asali tsabta. Idan monitar 4K ce, ka rubuta wannan ka ajiye: HDMI 1.4 sau 30 kawai yake sabunta hoton 4K a daƙiƙa, linzami ya riƙa tafiya yana ɗingishi. Sau 60 sai HDMI 2.0 ko DisplayPort 1.2 zuwa sama.

Daga nan sai furosesa, kuma a nan ne ake tafka asara. A da, guntun da ke zana hoto a jikin bod yake. Daga 2010 Intel ta fara mayar da shi cikin furosesa, AMD ta biyo baya a 2011. Ramin HDMI da kake gani a bayan bod na yau famfo ne kawai, tankin yana cikin furosesa. Idan babu ruwa a can, murɗa kan famfo ba zai kawo komai ba. Duk furosesar Intel da sunanta ya ƙare da harafin F, kamar i3-12100F ko i5-12400F, ba ta fitar da hoto. Ta fi 'yar'uwarta marar F araha, shi ya sa mai saye ke ɗokinta, ya isa gida ya kunna, fanka na juyawa, monita baƙi ƙirin. A ɓangaren AMD, a soket AM4, nemi mai G a ƙarshe, irin Ryzen 3 3200G ko Ryzen 5 5600G. Ryzen 5 5600 zalla ba ta da hoto. A sabon soket AM5 yawancinsu suna da shi, ban da masu F irin 7500F. A ganina, 5600G ko i3-12100 ta wadatar da kowane aikin ofis, har da CorelDRAW da ɗan gyaran hoto.

Sai yanzu a zo kan bod. Soket ɗinsa dole ya dace da furosesar: LGA1200 na tsara ta 10 da ta 11 na Intel ne, LGA1700 na ta 12 zuwa ta 14. A yi hattara da LGA1151, suna ɗaya ne amma iri biyu: bod na tsara ta 6 da ta 7 ba ya karɓar ta 8 da ta 9, ko da furosesar ta zauna daram a ramin. Ko soket ya dace, tsohon bod B450 na iya ƙin tashi da 5600G sai an sabunta masa BIOS, don haka ka sa mai shago ya yi wannan kafin ka biya. Bod mai rahusa irin H610 ko A520 ya isa. Ba sai ka kashe kuɗi kan wanda aka yi wa masu wasan gem ba. Ka ƙirga ramukan hoto da idonka, domin bod biyu masu lamba kusan ɗaya na iya bambanta, wani HDMI da VGA, wani har da DisplayPort. Mai son monita biyu ya nemi ramukan dijital biyu.

Ram ma tana da hannu a hoton, domin furosesar daga cikinta take yankar wurin ajiye shi. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi ɗaya mai 16 sauri a wannan aiki. Bod na LGA1700 akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, kuma ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. Girman bod kuwa ba abin damuwa ba ne sosai, microATX na shiga yawancin akwatunan kwamfuta.

Kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai suna da nasu tarkon. Bod ɗin da aka ciro daga Dell OptiPlex ko HP na ofis sau da yawa filogin wutarsa na kamfanin ne kaɗai, ba ya karɓar na kowa, kuma wasunsu DisplayPort da VGA kawai gare su, babu HDMI. Ka kuma duba tsarar: Windows 11 a hukumance daga tsara ta 8 ta Intel take farawa, Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a Oktoban 2025.

Kafin kuɗi su bar hannunka, a ɗora furosesa da ram, a kunna a kan teburin shagon ba tare da kad ba. Amma kafin a ɗora furosesar, buɗe soket ka haska da tocilar waya, ka ga ko akwai fil da ya lanƙwashe. A gwada kowane ramin hoto ɗaya bayan ɗaya, ba wanda mai shago ya saba gwadawa kaɗai ba, ka ɗan girgiza kan wayar ka ga ko hoton zai ɗauke. Sannan a rubuta maka lambar bod ɗin da kwanakin garanti a jikin rasit.