KULA DA KARYA MAI CIKI HAR TA HAIHU A GIDA

A Birnin Tarayya Abuja da garuruwan da ke kewaye da shi, kamar Gwagwalada, Kuje, Bwari, Kwali da Abaji, magidanta da yawa suna ajiye karnuka domin gadin gida da gona, ko kiwo, ko farauta. Duk wanda ya ajiye dabba kuwa ya ɗauki amana, kuma addini da al'ada sun hore mu da tausaya mata. Babu lokacin da wannan amana ta fi nauyi kamar lokacin haihuwa, domin sakaci na 'yan sa'o'i yana iya halaka uwa da 'ya'yanta.

TSAWON CIKI DA SHIRI

Cikin karya yana ɗaukar kimanin kwana 63 daga ranar barbara, ko da yake takan haihu tsakanin kwana 58 da 68. Saboda haka a rubuta ranar barbara. A makonni uku na ƙarshe a riƙa ƙara mata abinci sannu a hankali, a raba shi kashi uku ko huɗu a yini, domin 'ya'yan sun matse mata tumbi. Kada ruwan sha mai tsabta ya yanke mata. Kada a ba ta maganin tsutsar ciki ko wata allura sai da iznin likitan dabbobi.

Saura mako biyu, a ware mata wuri mai inuwa, nesa da hayaniyar yara, a ajiye babban kwali ko akwati mai gajeren baki, a shimfiɗa tsofaffin jaridu da tsumma mai tsabta. A tanadi safar hannu, da tawul, da zare, da sabuwar reza, da aidin.

ALAMUN NAƘUDA

Zafin jikin karya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salsiyos. Idan ya sauka zuwa wajen 37, yawanci haihuwa za ta zo cikin sa'o'i 24. Za a ga ta ƙi abinci, tana haki, tana tonon shimfiɗa, tana kai da komo. Wannan yakan ɗauki sa'o'i 6 zuwa 12. A bar ta ta natsu, mutum ɗaya da ta saba da shi ya zauna kusa.

LOKACIN HAIHUWA

Kowane ɗan kwikwiyo yana fitowa cikin wata 'yar jaka mai ruwa. Uwar ce ke yage ta, ta lashe shi, ta cije cibiya. Tsakanin ɗa da ɗa akan sami rabin sa'a zuwa sa'a guda, wani lokaci ta huta har sa'o'i biyu. Fitowar ɗa ta ƙafafun baya ba abin tsoro ba ne, da yawa haka suke zuwa. Mafi yawan karnuka suna haihuwa da kansu, don haka kada a yi gaggawar sa hannu.

Amma idan minti ɗaya ya wuce uwar ba ta kula da ɗan ba, sai a yi haka:

1. A sa safar hannu, a yage jakar daga wajen fuska.
2. A share majina daga hanci da baki, kansa na kallon ƙasa.
3. A goge jikinsa da tawul da ɗan ƙarfi har ya yi kuka. Kada a wujijjiga shi.
4. A ɗaure cibiya da zare kimanin inci ɗaya daga cikinsa, a yanke bayan ƙullin, a shafa aidin.
5. A sa shi a nono nan da nan. Dakashi, wato nonon farko, shi ne garkuwarsa daga cututtuka, kuma amfaninsa ya fi yawa a yinin farko.

A ƙirga mabiyiya, domin kowane ɗa yana da tasa. Wadda ta maƙale a ciki takan ruɓe ta jawo zazzaɓi.

YAUSHE ZA A NEMI LIKITA?

A garzaya asibitin dabbobi ba tare da jinkiri ba:

1. Idan ta yi rabin sa'a tana nishi mai ƙarfi ba ɗan da ya fito.
2. Idan fiye da sa'o'i biyu sun wuce bayan ɗa na baya, alhali da saura a ciki.
3. Idan koren ruwa ya zubo kafin ɗa na farko, ko jini ya yi yawa.
4. Idan ɗa ya maƙale a hanya. Kada a fizge shi da ƙarfi.
5. Idan bayan haihuwa jikinta yana rawa ko yana sandarewa, domin alama ce ta ƙarancin sinadarin kalsiyam, kuma yana kisa da sauri.

Ana gargaɗin jama'a da su guji sayen allurar naƙuda a kemis su yi wa dabba da kansu. Idan ɗa ya tare hanya, wannan allura tana iya fasa mahaifa. Mazauna Birnin Tarayya suna iya zuwa asibitin dabbobi mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Abuja.

BAYAN HAIHUWA

Sanyi shi ne babban abokin gabar jarirai, musamman da hunturu, domin ba sa iya ɗumama jikinsu. A kāre su daga iska da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Idanunsu sukan buɗe tsakanin kwana 10 da 14. A fara ba su abinci mai laushi a mako na huɗu, kada a raba su da uwa kafin mako na takwas. A hana yara taɓa su a kwanakin farko, gama mai jego takan yi cizo.

RIGAKAFIN HAUKAN KARE

Da kwikwiyo ya cika wata uku, lalle ne a kai shi allurar rigakafin haukan kare, a kuma riƙa sabunta ta yadda likita ya tsara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a tsira.

Wanda ba shi da halin riƙe 'yan kwikwiyo, kada ya watsar da su a bola su zama karnukan titi. Ya nemi likita ya yi wa karyar aikin hana haihuwa. Rigakafi ya fi magani.