KULA DA IGIYAR HAWAN ITACE

Manomi, ka sani idan rani ya yi hawan itace ba ya ƙarewa. Wani zai hau gawo ya saro wa dabbobi ganye, wani zai rage wa mangwaro rassa, wani zai ɗaura amya, wani kuwa dabino zai hau. Duk wanda ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau sama, to, nauyinsa duka a kanta yake. Ita kuwa igiya ba ta faɗin ranar da za ta tsinke. Kai ne za ka bincika tun kana ƙasa.

ABIN DA KE CIN IGIYA

Igiyar rama da ta kaba, laima ce ke ruɓar da su. Gara da ɓera su ma ba sa barinsu. Igiyar nailan ba ta ruɓewa, amma zafin rana yana cin ƙarfinta a hankali. Idan ta goge da ɓawon itace da sauri sai ta yi zafi, ta narke. Ruwan batir kuwa yana kashe ta ba tare da ido ya ga alama ba. Yashi da ƙura suna shiga cikin tufka, su riƙa yanka zaren daga ciki. Ƙulli ma yana rage wa igiya ƙarfi, wani lokaci har kusan rabi.

YADDA ZA KA DUBA TA

Yi wannan kullum kafin ka hau:

1. Bi igiyar da hannu daga wannan baki zuwa wancan, kana lanƙwasa ta. Nemi wurin da ya sirance, ko ya kumbura, ko ya yi laushi.
2. Buɗe tufkar ka leƙa ciki. In ka ga gari yana zuba, ko ka ji warin fumfuna, ta gama aiki.
3. In ta nailan ce, nemi wurin da ya taurare yana ƙyalli. Nan ta ƙone.
4. Kwance kowane ƙulli ka duba ƙarƙashinsa, don a nan ta fi ciwuwa.
5. Duba ɗinkin ɗamarar da kake ɗaurawa a ƙugu.

ƘUGIYA DA SAURAN ƘARAFA

Idan kana da ƙugiyar ƙarfe mai makulli, ko zoben da igiya ke bi ta ciki, shafa su da yatsa. Yawan wucewar igiya yana yi musu rami. Idan ramin ya kai zurfin milimita 1, wato wajen rabin ƙwayar gero, ko bakinsa ya yi kaifi, daina aiki da shi, don zai yanke igiyar. Ƙugiyar da ta tsage, ko ta lanƙwashe, ko makullinta ba ya rufuwa da kansa, kada ka kai wa maƙeri ya gyara. Jefar da ita. A Ingila, dokar da aka yi a 1998 ta tilasta wa masu wannan sana'a su kai kayan hawansu gwani ya bincika duk wata 6.

AJIYA

Wanke igiya da ruwa mai tsabta, ka shanya a inuwa. Kada ka kai ta bakin wuta. Naɗe ta ka rataye a ɗaki inda iska ke shiga, nesa da batir, fetur, takin zamani da maganin feshi. Wurin aiki kuma, shimfiɗa tsohon buhu a kan reshen da igiyar za ta bi, don ya kare ta, ya kare ɓawon itacen. Nisanta ta da bakin adda da gatari.

KADA KA HAƊA

Igiyar hawa, ta hawa ce kaɗai. Kada ka ja guga da ita, kada ka ɗaure kaya ko jaki. Sauke da reshe da wata igiya dabam. Wadda ta taɓa tare mutum daga muguwar faɗuwa, ko ba ka ga komai a jikinta ba, kada a sake hawa da ita. Yanyanka ta gajeru-gajeru ka ɗaure awaki, don kada yaro ya ɗauka ya hau.

Kuɗin sabuwar igiya bai kai kuɗin ɗori ba, balle a ce magidanci yana kwance damina ta sauka. In kana shakka, nuna wa malamin gona na yankinku.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.