Riƙon Aji ta Intanet: Jan Hankali ga Malamanmu na Sabo

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa akwai akawuna da malaman makaranta da ke karɓar darasi ta gidan waya daga Ingila, su rubuta amsa su mayar, su yi makonni suna jiran gyara. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta horar da malaman firamare suna kan aikinsu. Jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, NOUN, an fara kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, yau kuwa tana da cibiya a nan Ibadan. Jami'ar Ibadan ma tana da tata cibiyar karatu daga nesa. Hanya ce kawai ta sake: ambulan da kan sarki sun kau, dandalin karatu na intanet ya gaje su. Da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, har malamin da ya rantse ba ya rabuwa da alli sai da ya je neman lambar sirrinsa.

To, wannan takarda taku ce, ku malamai 'yan unguwar Sabo ta Ibadan da ke koyarwa a kwalejoji da jami'o'in wannan yanki, masu Hausa da Larabci da darasin addini da sauran fannoni.

Cikin dandalin da suka fi yaɗuwa a manyan makarantu akwai Moodle, wanda wani mutumin Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002, kuma kyauta ne. Akwai Google Classroom da ya zo a 2014. Makaranta ce ke girka dandali, ta buɗe wa kowane kwas shafinsa, ta ba malami ikon gyara shafin, ɗalibi kuwa iyakarsa ya karanta, ya miƙa jinga, ya ga makinsa.

Ɗan Sabo bai kamata a daɗe ana yi masa bayanin nauyin da ke cikin wannan ba. Tun da aka kafa unguwar a 1916, cinikin shanu da goro a nan bisa kafaɗar maigida yake tafiya. Falke ya taso daga Arewa bai san mahautan gari ba. Maigida ne ke saukar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni, ya riƙe lissafin wanda ya biya da wanda ake bi. Haka malami yake a shafin kwas. Ɗalibin da bai taɓa ganin fuskarka ba ya dogara ne da cewa abin da ya tarar a shafin gaskiya ne, ranar da ka sa ita ce ranar, makin da ka rubuta kuma ba zai ɓace ba.

Saboda haka kada zango ya soma shafinka na fayau. Ka kunna gyara tun kafin ɗalibai su shigo, ka raba kwas mako-mako ko babi-babi, ka sa manhajar kwas a can sama tare da yadda za a raba maki da ranakun gwaji. Abin da lokacinsa bai yi ba ka ɓoye shi, akwai maɓallin yin haka. Ka ba kowane fayil suna mai ma'ana. In ka gama, ka sauya matsayinka zuwa na ɗalibi ka duba shafin da idonsa, kuma a waya, domin da waya mafi yawansu za su shigo.

Wannan batu na waya shi ne inda malamai da yawa ke tuntuɓe. Malam yana ofis, ga kwamfuta ga intanet ɗin makaranta, sai ya manta da wanda yake koyarwa. Ɗalibinka yana iya zama yaron shago a wajen 'yan canji, ko mai sauke tumatir da albasa a kasuwar Sasa tun asuba, ko matar aure da ba ta samun sukuni sai yara sun kwanta. Data da kuɗinsa yake saye, caji kuwa sai an kawo wuta ko ya kai wa mai janareta. Sa'a guda ta darasin bidiyo kai-tsaye na iya lashe ɗaruruwan megabait, alhali muryar minti goma da takardar PDF mai shafi huɗu ba su cin abin a zo a gani. Manhajar Moodle ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi lokacin da sabis ke da ƙarfi ya karanta daga baya. Ka koya musu wannan a makon farko. In darasin kai-tsaye ya zama dole, ka naɗe shi ka ajiye, ka kuma kauce wa lokacin sallar Juma'a da tsakanin magariba da isha'i.

Jinga tana da ranaku biyu a Moodle, da yawa ba su lura ba: ranar da ya kamata a miƙa, da ranar da ƙofa ke rufewa ɗungurungum. Ka bar tazara tsakaninsu, ko ta kwana biyu ce. Wanda ya makara dandali zai nuna maka ya makara, hukunci ya rage naka, amma aikinsa bai salwanta ba don an ɗauke wuta.

Gwaji ya fi wannan wuya. Agogonsa a na'urar makaranta yake, ba ya tsayawa don sabis ɗin ɗalibi ya yanke. Ka ƙara 'yan mintoci kan abin da za ka bayar a aji, ka buɗe gwajin na tsawon yini, kowa ya shiga sa'ar da ta yi masa. Maganin satar amsa shi ne rumbun tambayoyi masu yawa, dandali ya tsamo wa kowa nasa ya yamutsa jerin. Malamin Hausa kuma ya yi hattara: na'ura ba ta ɗaukar k a matsayin ƙ, wayoyi da yawa kuwa ba su da haruffa masu ƙugiya sai an sa musu. Ko dai ka shigar da amsar iri biyu, ko ka sanar tun farko cewa ƙugiya na cikin abin da ake gwadawa, ka nuna musu yadda ake samunta a allon rubutun waya na Gboard. Na Larabci shi ma ya gwada tambayoyinsa a waya, ya tabbata rubutun ya tafi dama zuwa hagu.

Sai WhatsApp. Ba na ce a bar shi ba, don babu abin da ya kai shi saurin isar da saƙo. Amma a ganina iyakarsa tunatarwa. Jingar da aka turo ta can tana nutsewa cikin gaisuwa da sanarwar ɗaurin aure, ranar da gardama ta tashi kuwa ba ka da shaida. Dandali yana rubuta wanda ya shiga, da ranar, da abin da ya buɗe. Wannan rajista ka riƙa leƙa ta duk mako. Ɗalibin da ya yi mako biyu bai shigo ba, a neme shi tun kafin jarrabawa ta ƙarato. Sau da yawa wayarsa ce ta lalace ko lambar sirri ta ɓace masa, kunya ta hana shi faɗa.

Maki sirrin mai shi ne. Kada ka liƙa sunaye da sakamako a zauren WhatsApp. Kowa ya ga nasa a shafinsa. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, bayanan ɗalibai na ciki. Lambar sirrinka ma kada ka miƙa wa wakilin aji ko mai shagon kwamfuta don ya shigar maka da maki, ko da ɗan ɗakinka ne. In kana da mataimaki, akwai matsayin malami marar ikon gyara, a sa shi a nan da sunansa.

Idan zango ya ƙare, ka sauke littafin maki zuwa Excel, ka yi wa kwas ɗin duka ajiya a fayil guda, ka adana kwafi biyu a wurare dabam-dabam. Zango mai zuwa sai ka kwaso darussan zuwa sabon shafi ba tare da sunayen tsofaffin ɗalibai ba, ka gyara ranaku ɗaya bayan ɗaya, ka sauya wani kaso na tambayoyin gwaji, domin na baya sun riga sun zaga unguwannin Sabo da Mokola a wayoyin ƙannensu.