Darasin Masu Mota: In Giya Ta Ƙi Shiga, Kada a Yi Saurin Sauke Giyabos

Jama'a, kaka ta yi. A Tsiga da ƙauyukan da ke kewaye da ita an karya masara, ana cirar auduga. Yanzu ne a-kori-kura ba ta hutawa. Yau tana hanyar Bakori, gobe Funtuwa, jibi Malumfashi. Wasu tsofaffin Peugeot 504 ne, wato Fijo, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna a masana'antar da aka buɗe a 1975. Wasu kuwa Toyota Hilux ne. Duka biyun, kulocinsu da mai yake aiki, ba da waya ba.

Saboda nauyin kaya, masu mota sukan canza kayan kuloci su sa waɗanda ake ce wa masu ƙarfi. Ƙanena ya yi haka bara. Ya sa sabon faranti mai tauri da sabon famfo. Bayan kwana uku aka loda masa masara. Ya taka kuloci, giya ta ƙi shiga, sai ƙara take yi. Wani makanike ya ce a sauke giyabos. Aka sauke, aka duba, ba a ga komai ba. Mota ta kwana biyu a gareji, ranar kasuwa ta wuce, mai masara ya nemi wata mota. Ashe wani tsohon tiyo ne ya jawo duk wannan.

Mu fara sanin yadda abin yake aiki. Buɗe bonet, ka duba saitin ƙafar direba. Za ka ga ɗan kofin mai a kan wani famfo. Wannan shi ne famfon sama, makanikai suna ce masa masta. Daga jikinsa bututu ya sauka zuwa wani ƙaramin famfo da ke manne da giyabos. Shi ne famfon ƙasa. In ka taka kuloci, famfon sama zai tura mai. Mai ya tura sandar famfon ƙasa. Sandar ta tura ƙarfen da ke raba inji da giya. Sai giya ta shiga salin-alin.

Mai ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa. Ɗauki famfon keke, ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna. Zai ɗan tafi, ko? Iskar ciki ce ta matse. Haka yake a mota. In iska ta shiga bututu, ƙarfin ƙafarka zai ƙare a matse iskar, bai kai ƙasa ba.

To, ga yadda za ka bincika. Ba ka bukatar komai sai ido, tocila da sifana.

Da farko kashe inji, ka gwada giya. In ta shiga inji a kashe, amma ta ƙi shiga inji a kunne, kuloci ne bai raba ba. Ka san inda za ka nema ke nan.

Duba kofi. In mai ya yi ƙasa, akwai inda yake zuba, don man kuloci ba ya ƙonewa kamar fetur. Haska tocila a bayan feda, cikin mota. In wurin ya jiƙe, robar famfon sama ta mutu. Je ƙasa, ka ɗaga robar da ta rufe bakin famfon ƙasa. In akwai mai a ciki, shi ne mai laifi. A wasu motoci kofi ɗaya kuloci da birki suke sha. A irin wannan mota, kada ka hau hanya sai an gano inda man yake zuba.

In ba zuba, taka kuloci da sauri sau biyar ko shida, sannan ka gwada giya. In ta shiga, yawanci iska ce. Cire iska aikin mutum biyu ne. A kashe inji, a ja hanbirki, a tokare taya da dutse. Cika kofi. A jikin famfon ƙasa akwai ɗan noti mai rami. Yaron mota ya zauna a ciki, kai kana ƙasa da sifana.

"Taka sau uku, ka riƙe!"

"Na riƙe, maigida."

Sai ka kwance notin kaɗan. Mai zai fito da kumfa. Ɗaure notin, sannan ka ce, "Saki." Kada yaro ya saki kafin ka ɗaure, iska za ta koma. A yi ta maimaitawa har kumfa ya ƙare. A riƙa ƙara mai, kada kofi ya bushe. Ka lura kuma, notin nan dole ya kasance ta sama, don iska sama take hawa. In an ɗaura famfon da ba na motar ba, notin ya kalli ƙasa, ko kun wuni iska ba za ta fita duka ba.

Yanzu mu zo kan sababbin kaya, don nan ne aka fi shan wahala. Famfon sama girma-girma ne. Sau da yawa akan rubuta girman a jikinsa. Za ka ga 5/8, wato kusan milimita 16, ko 3/4, wato milimita 19. Bambancin kamar ba yawa, amma na 3/4 yana tura mai fiye da na 5/8 da kusan rabi. In ka sa babba inda ƙarami ya dace, feda za ta yi tauri, ƙafa ta gaji, sanda kuma ta wuce iyakarta ta ɓata kayan ciki. In ka sa ƙarami inda babba ya dace, feda za ta yi laushi, amma kuloci ba zai raba sosai ba. Ni dai a ganina, babba ba shi ne mai kyau ba. Wanda ya dace da famfon ƙasa shi ne mai kyau.

Faranti mai tauri shi ma yana da nasa. Yana bukatar ƙarfi fiye da na da, kuma wannan ƙarfi ta cikin tsohon tiyo zai bi. Sa yaro ya taka, kai ka kama tiyon da hannu. In ka ji yana kumbura, ya gaji. Abin da ya sami ƙanena ke nan. Da aka canza tiyo, aka cire iska, magana ta ƙare.

Sai sandar da ke haɗa feda da famfon sama. Danna feda da hannu. Ya kamata ta ɗan tafi a banza, kamar faɗin ɗan yatsa, kafin ka ji tauri. In babu wannan sarari, sanda ta yi tsawo, ta toshe 'yar ƙofar da mai yake komawa kofi. Da safe mota lafiya lau. In ta yi zafi, sai inji ya yi ta ruri mota ba ta gudu, kana jin ƙauri. Faranti ne yake ƙonewa. A rage tsawon sandar tun da wuri.

Batun mai kuwa, man birki kawai ake sawa, mai rubutun DOT 3 ko DOT 4. Sayi wanda ba a fasa murfinsa ba, don yana shan laima in aka bar shi a buɗe. Kada a zuba man inji, yana kumbura roba. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a hanya, tsatsa yake kawowa. Man birki yana cin fenti, yana cutar da ido, kuma guba ne. A ajiye shi nesa da yara.

Yaushe za a sauke giyabos? Sa yaro ya taka, ka kalli sandar famfon ƙasa. In tana tafiya sosai, tana nan a tsaye muddin ana riƙe da feda, ba zuba, ba iska, amma giya ta ƙi, to matsalar tana ciki. A nan sai ka yarda a sauke. In kuwa famfo za ka saya a Funtuwa, tafi da tsohon a leda, ka gwada lambar jikinsa da ta sabon kafin ka biya.