Me Ya Sa Mai Goyon Bayan Ƙungiya Ba Ya Sauya Sheƙa?

Wani mai sauraronmu daga Gummi yana tambaya: me ke sa mutum ya riƙe ƙungiyar ƙwallo ɗaya har tsufa?

To Malam, galibi abin yana farawa ne tun ƙuruciya, a gidan kallon ƙwallo ko wajen yayan da ake bi. Da yawa a Anka da Bukkuyum sun kama Arsenal ne bayan Nwankwo Kanu ya koma can a 1999, wasu kuma Chelsea saboda Mikel Obi daga 2006. Masoya Kano Pillars sun ƙaru da kofunan 2012 zuwa 2014. Daga nan sai ƙungiya ta zama kamar dangi, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.