Darasi na 9: Nehemiya, Shugaban da Bai Nawaita wa Jama'a Ba

Abin karantawa: Nehemiya 5:1-19. Ayar haddacewa: aya 15.

Nehemiya mai shayar da Artashate ne, sarkin Farisa. Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu sarki ya ba shi izini ya tafi Urushalima ya sake gina garunta, ya kuma naɗa shi gwamnan Yahuza. Aka gama garun cikin kwana 52. Amma tun ana cikin aiki wata ɓarna ta bayyana, daga cikin gida ta fito kuwa.

1. Kukan talakawa (aya 1-5). Yunwa ta faɗo, ga kuma harajin sarki. Waɗansu suka jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi, waɗansu suka ci bashi, har aka bautar da 'ya'yansu. Masu karɓar jinginar kuwa 'yan'uwansu ne Yahudawa, manyan gari.

2. Tsautawar Nehemiya (aya 6-13). Ya husata ƙwarai, amma sai da ya yi tunani tukuna ya yi magana. Ya tara jama'a, ya tsauta wa manya a fili. Bai ɓoye cewa shi ma da mutanensa sun ba da rancen kuɗi da hatsi ba, ya sa kansa cikin waɗanda za su bar karɓar ruwa. Manya suka rasa amsa, suka rantse a gaban firistoci za su mayar.

3. Abin da ya bari (aya 14-19). Me ya sa maganarsa ta yi ƙarfi haka? Shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da a ke ba gwamna ba, ko da ya ke hakkinsa ne. Gwamnonin da suka riga shi sun karɓi abinci da ruwan inabi da shekel 40 na azurfa, barorinsu ma sun taka mutane. Shi kuwa yana ciyar da mutum 150 ban da baƙi, kowace rana ana yanka sa guda da tumaki 6 da kaji. Bai sayi gona ba sa'ad da talakawa ke cikin matsi. Barorinsa kuma suna wurin ginin garu. Dalilinsa biyu ne: tsoron Allah, da nauyin da ke bisa jama'a.

Koyarwa gare mu. Kada wani ya ce darasin nan ya hana ikkilisiya ta biya fastonta. Bulus ya koyar a 1 Korintiyawa 9 cewa mai aikin bishara ya ci daga bishara, shi da kansa kuwa ya bar hakkin nan a Korinti domin kada ya zama cikas. Wajibin jama'a ne su bayar. Wajibin shugaba ne ya lura da lokacin da karɓa za ta nawaita musu.

Ya ku fastoci da dattawa, ku gwada kanku. Dattijon da ya ba ɗan'uwa buhun dawa da damina ya karɓi biyu da kaka, da wane baki za ya yi wa'azi a kan ƙauna ran Lahadi? Wanda ya riƙe gonar gwauruwa jingina, yaya za ya miƙa mata gurasar Jibin Ubangiji? Ku lura da mutanen gidanku kuma, gama abin da yaron shugaba ya karɓa da sunan ubangidansa, a kan ubangidan jama'a za su lissafta shi. Shugaban da hannunsa ya ƙazantu yakan yi shiru a ranar da ya kamata ya tsauta, talakan ikkilisiya kuwa ya rasa mai tsaya masa.

Tambayoyi
1. Me ya sa manya suka rasa amsa?
2. Wane hakki ne Nehemiya ya bari, don me?
3. Akwai bashi ko jingina a tsakaninmu da ya kamata a mayar a makon nan?

Addu'a. Mu roƙi Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa, mu kuma ya ba mu zuciyar biyan bukatarsu da murna. Amin.