Jim Abbott: Mai Jifa da Hannu Ɗaya

'Yan'uwa ɗalibai, darasin wasanni na wannan makon zai kai mu Amurka, wajen wasan da ake kira besbol. Ga yadda yake a taƙaice. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, ya wurga ƙwallo mai tauri daga nisan mita 18 da ɗoriya. Mai duka na ɗaya ƙungiyar yana jira da kulki, in ya sami ƙwallon ya sheƙa da gudu. Mai jifa yana jifa da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana sanye da babbar safar fata ta cafe ƙwallo, domin wani lokaci ƙwallon da aka daka kansa take dawowa.

To, an haifi Jim Abbott a garin Flint na jihar Michigan a shekarar 1967, ba shi da tafin hannun dama. Ina zai sa safar ke nan?

Dabarar da ya ƙirƙiro ita ce abin lura. Yana ɗora safar a kan dungun damansa, ya yi jifa da hagu. Ƙwallo na barin hannunsa sai ya zura hagun cikin safar. Idan ya cafe, sai ya matse safar tsakanin damtse da ƙirji, ya zaro ƙwallon, ya jefa wa abokin wasansa. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Tun yana yaro yake jifan bango da ƙwallon roba yana cafewa, yana ƙara matsowa kusa da bangon don ya saba da sauri. Abokan hamayya sun sha taɓa ƙwallon a hankali ta gangara gabansa, wai ko zai ruɗe wajen sauya safar. Ba su ci riba ba.

Ya yi wa Jami'ar Michigan wasa, kuma a 1988 shi ya yi wa Amurka jifa a wasan ƙarshe na gasar Olamfik a Seoul, suka doke Japan. A 1989 ƙungiyar California Angels ta sa shi kai tsaye a babbar gasa ba tare da ya bi ta ƙananan gasanni ba, abin da ba kasafai ake yi ba. A 1991 ya ci wasa 18.

Ranar da aka fi tunawa da shi ita ce 4 ga Satumba, 1993, yana tare da New York Yankees. Ya yi jifa tun daga farkon wasa har ƙarshe, babu ɗan wasan Cleveland ko ɗaya da ya sami dukan da ya kai shi sansanin farko lafiya. Aka tashi 4 da 0. Masu jifa da yawa da ke da hannu biyu sun yi ritaya ba su taɓa yin haka ba. Abin mamaki, ƙasa da mako guda kafin nan wannan ƙungiyar ta Cleveland ta yi masa kaca-kaca har aka cire shi da wuri.

Amma kada mu mayar da labarin tatsuniya. A 1996 saurin jifansa ya ragu, ya ci wasa 2 kacal, aka cinye shi 18. Ba rashin hannu ne ya jawo haka ba. Masu duka ne suka fara samun ƙwallonsa cikin sauƙi. Bai yi wasa ba sam a 1997. A ganina nan ne ya fi burgewa, domin ya yarda ya koma ƙananan gasannin da ya tsallake tun farko, ya sake hawowa a 1998 da Chicago White Sox, ya ci wasa biyar a jere.

Shekararsa ta ƙarshe ita ce 1999 a Milwaukee Brewers, inda dokar gasar a lokacin ta tilasta wa mai jifa shi ma ya riƙe kulki. Ya riƙe, har ya sami duka mai kyau sau biyu. Ya ajiye wasa da nasara 87, rashin nasara 108.